Tiren Hawa Na Bakwai

Mandazi, wato fanken Kenya, guda goma sha biyu suka shiga ɗakin taron daraktoci ranar Alhamis, goma sha biyu suka fito, ko gefen ɗaya ba a gutsura ba. Shayi kuwa sau uku ana aikowa a ƙaro. Wannan ne labarin da Maman Nduta ta kawo gida, ta adana shi har safiyar Asabar, sannan ta fito da shi tana yanka ganyen miya a ƙofar ɗakinsu da ke unguwar Kayole.

"Mutanen nan cikinsu ya ɗuri ruwa," ta ce. "Gobe in an tashi daga coci zan gaya wa matan. Ke kuma Litinin ki latsa wayar nan taki, a sayar."

"To, Mama," in ji Nduta, idonta a kan littafin dokar da take haddacewa.

Shekara ashirin da biyu Maman Nduta tana kai shayi hawa na bakwai a wani kamfanin taki da ake cinikin hannun jarinsa a kasuwar Nairobi. Turancinta bai wuce na tambayar cokali nawa za a sa sukari ba, kuma ba ta taɓa leƙa takardar kowa ba. Tire kawai take kallo. In daraktoci suka cinye komai har suna neman ƙari, riba tana tafe. In suka bar abinci suka yi ta kwankwaɗar shayi, to akwai magana. Matan ƙungiyar adashinsu, su goma sha huɗu, da tukwane da barguna suka fara. Da suka gane baiwar da Allah ya ajiye musu a hawa na bakwai, sai suka koma sayen hannun jarin kamfanin. Nduta ce mai digiri a harkar kuɗi, kuma shekara huɗu ke nan tana zaune ba aiki, don haka aka naɗa ta sakatariya ba tare da an tambaye ta ba. Da sunanta aka buɗe asusu wurin dillali, a wayarta ake saye da sayarwa.

Yanzu ga shi Hukumar da ke sa ido a kan kasuwar tana neman ma'aikata shida. Mutum sama da dubu huɗu suka nema, jarrabawar farko ta tankaɗe su ta bar sittin, Nduta tana ciki. Saura kwana tara a yi ta ƙarshe.

Da rana ta tafi ɗakin karatu na Buruburu, inda suke bita da Barasa, ɗan ajinsu a jami'a, wanda shi ma ya tsallake. Barasa yana koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi da ba ta cika tunawa da ƙarshen wata ba, kuma ya riga ya zaɓi irin kwat ɗin da zai saya in an ɗauke shi. Suka zauna a kan dakalin waje don kada a kore su saboda surutu.

"Babi na shida, ciniki da sirrin cikin gida," ya ce. "Hajjaju sarkin hadda, wane ne ɗan cikin gida?"

Ta karanto masa kamar ruwa: darakta, ko ma'aikaci, ko duk wanda aikinsa ya ba shi damar sanin abin da jama'a ba su sani ba, wanda zai iya motsa farashi, da kuma duk wanda ya karɓi labarin daga gare shi ya yi ciniki da shi.

"Kin ci," in ji Barasa. "Wato har direba, har mai gadi, har mai kai shayi."

Nduta ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ƙarshe ba. Abin kunyar shi ne ta san wannan babin tun tana aji uku, ta ma fi kowa maki a kansa. Sai dai ilimin a jami'a ta bar shi, bai taɓa hawa matatu, motar hayarsu, ya biyo ta Kayole ba. A can doka ce. A gida kuwa Mama ce da tirenta.

"In mai shayin ba ta ji komai ba fa?" ta ce. "Kofuna kawai ta kalla."

"Ni da ke muna ganin kofunan?"

"A'a."

"To ta ga abin da kasuwa ba ta gani ba. Ke, yau me ya same ki? Kin duba takardar rantsuwar da suka turo kuwa?"

Ya miƙa mata wayarsa. Takarda ce da kowa zai cika a gaban mai rantsarwa kafin a raba tambayoyi. Layi na tara yana tambaya ko, cikin shekara biyar da suka wuce, mai neman aiki yana da ɗan uwa na kusa da ke shiga wurin taron daraktocin wani kamfani na kasuwar, kuma ko ya taɓa cinikin hannun jarin wannan kamfanin. A ƙasa an rubuta cewa wanda ya amsa da i, za a ajiye takardunsa gefe sai an bincika. Wanda ya yi ƙarya kuma, kora ce da kotu.

Ta gaya wa Barasa komai. Ya saurara baki buɗe, sannan ya kwashe da dariya har mai gadi ya harare su.

"Mandazi! Mu muna nan muna zana jadawali, ashe ga inda ake karatun! Ji nan, ƙawata, rubuta a'a ki wuce. Wa zai bi ta kan matan coci?"

"Sunana ne a kan asusun."

"Mutum sittin ne, wa ke da lokacin tona kowa?"

"Barasa, aikin da muke nema ke nan fa, tona mutane."

Ya sosa ƙeya, ya ce su koma babi na bakwai.

Da la'asar ta tarar da uwarta tana wanki. Ta tsaya a kanta ta yi bayani a hankali, tana zaɓar kalmomi, amma duk yadda ta juya maganar sai ta faɗo a wuri ɗaya.

"Sata kike nufi?" Maman Nduta ta miƙe, kumfa har gwiwar hannu. "Ni? Shekara ashirin da biyu ko cokalin shayi bai taɓa biyo ni gida ba!"

"Ban ce sata ba, Mama. Doka ce ta ce…"

"Idona ne, Allah ya ba ni. In rufe shi in na shiga ɗakin? Wannan digirin da kike tsaye a kaina kina karanta mini doka da shi, mandazi ne suka biya shi, in ba ki sani ba."

"Na sani. Amma za su tambaye ni ko ina da wani da ke shiga ɗakin daraktoci. In na ce i, za su ajiye ni gefe, su biyo asusun, su zo kanki da matan. In na ce a'a…"

"Ya isa. Ɗauko mini bokitin can."

Nduta ta ɗauko bokiti. Ba ta kai ga maganar shekara biyar ba, kuma ba ta sake samun fuskar tayar da zancen ba.

Ranar Lahadi matan suka taru a ƙarƙashin bishiyar bayan coci kamar kullum. Maman Gitau, shugabar ƙungiya, ta gyara zama ta ce, "Maman Nduta, yaya tire?"

"Tire lafiya lau," in ji ta, ta ci gaba da kallon takalminta. Matan suka dubi juna. Ba a sayar da komai ba ranar Litinin.

Makon ya tafi a haka. Nduta tana fita da safe da littattafai, ta dawo da yamma kai cike da sassan doka. Uwa da 'ya suna cin tuwo a kwano ɗaya, hirarsu ba ta wuce ta gishiri da kuɗin ruwa ba. Nduta tana son aikin nan, so na gaske. Ta gaji da amsa gaisuwar maƙwabta masu tambayar ko an dace, ta gaji da zama mai digirin da ake aika sayen tumatir.

Ranar Alhamis Maman Nduta ta dawo da wata shuɗiyar riga ta aiki a leda, da safar hannu ta roba. Farar atamfar da take ɗaurawa a hawa na bakwai, wadda take gogewa kowace Lahadi, babu ita.

"Na ce musu gwiwata ta gaji," ta ce tana cire takalmi. "Sun mai da ni kicin ɗin ƙasa, wurin direbobi. Wanke-wanke ne, ba wuya. Na ba wa wata yarinya katin lif ɗin hawa bene, ko riƙe tire ba ta iya ba."

Nduta ta dubi shuɗiyar rigar. A hawa na bakwai shugaban kamfani da kansa yana kiran uwarta da sunanta na yanka, Wamuyu. A kicin ɗin ƙasa kuwa "ke mama" ake cewa.

"Yanzu ba ki da kowa a ɗakin daraktoci," in ji uwar. "Ki rubuta musu a'a da manyan baƙaƙe, ba ki yi wa kowa ƙarya ba."

Nduta ta so ta ce mata takardar har shekara biyar baya take tambaya. Ta dubi hannun uwarta, wanda ruwan sabulu na yini ɗaya ya riga ya yamutsa.

"Na gode, Mama," ta ce.

Ranar jarrabawa Maman Nduta ta ɗauki hutu ta rako ta, da rigar zuwa coci. A zauren wata kwaleji aka yi, mutum sittin kowa da teburinsa. Aka fara raba takardar rantsuwa. Barasa, daga layi na uku, ya waigo ya girgiza mata kai a hankali, wato kada ta yi wauta.

Ta cika layi takwas cikin minti biyu. A na tara ta tsaya. Ta sake karanta shi ko wata kalma ta canza cikin kwana tara, ba abin da ya canza. Ta tuna shuɗiyar rigar, ranta ya sosu. Sannan ta tuna cewa in ta rubuta a'a aka ɗauke ta, kowace safiya za ta zauna a ofishin da ake tona irin wannan asusun, tana jiran ranar da wani a teburin kusa zai buɗe nata. Ta rubuta i. A wurin suna ta sa Wamuyu Kariuki, a wurin dangantaka ta sa uwa, da kyakkyawan rubutun da malamai suke yabo tun tana firamare. Ta ɗaga hannu ta yi rantsuwa, aka kwashe takardun zuwa wani ɗaki a ƙarshen baranda, inda manyan Hukumar uku za su duba su yayin da ake rubutu.

Awa uku aka yi. Tambaya ta biyu a kan ciniki da sirrin cikin gida ce, kuma Nduta ba ta taɓa amsa wata tambaya da kyau kamar wannan ba.

Da aka fito, Barasa ya tsaya yana gardama da wasu a kan tambaya ta huɗu. Nduta ta wuce neman uwarta. Ba ta same ta a bencin da ta bar ta ba. Can ta hango ta a ƙofar kicin ɗin kwalejin, ta naɗe hannun rigar coci tana taya mai shayin wurin ɗauraye kofuna, kamar sun shekara da sanin juna.

"Yaya, ta yi sauƙi?" in ji uwar, tana goge hannu.

"Ba laifi."

Suka nufi ƙofar fita. Maman Nduta ba ta yi tafiyarta ta sauri da ta saba ba. Sai da suka kusa titi, inda yaran mota ke kiran Kayole, sannan ta yi magana, ba tare da ta juyo ba.

"Na ga tiren ɗakin can na ƙarshen baranda. Da farko sun fara ci, ɗaya ma ya gutsuri rabi. Sai suka ajiye. Sau biyu suna aikowa a ƙaro shayi."

Nduta ta gyara riƙon jakarta.

"Nduta," in ji uwar, yanzu ta tsaya tana kallonta. "Me kika rubuta musu?"