Rangadin Malam Ba'ana

A shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Yerwa, babban birnin Borno, Malam Ba'ana ya ajiye aikin tafinta a ofishin En'e, wato hukumar gargajiya, bayan ya yi furfura a cikinsa. Mutum ne wanda ba ya ɗaga ƙafa sai ya san wanda ya riga shi takawa a wurin. Ko sabon kofi aka kawo masa shayi a ciki, sai ya tambayi wane dattijo ne aka taɓa ba shayi a irinsa. A ƙuruciyarsa ya bi Baturen gunduma rangadi ƙauye-ƙauye, yana juya Turanci zuwa Barbarci, yana juya Barbarci zuwa Hausa, kuma har gobe in ya zauna a inuwar bishiyar maina da ke ƙofar gidansa, duk maganar da aka ɗauko sai ta ƙare a kan yadda ake yi a wancan zamani.

A lokacin nan ne ƙananan motocin haya, waɗanda ake kira kiya-kiya, suka fara jeruwa a bakin Kasuwar Litinin, kowace da hanyarta. Wata rana Malam Ba'ana ya shiga ta Gamboru don ya je barkar haihuwa. Ya sami wuri kusa da taga. Iska ta shiga hannun rigarsa, itatuwa suka riƙa gudu da baya, ya ga bayan gidajen da ya shekara yana wucewa ta gabansu, har da wani tsohon abokin aikinsa yana korar akuya da takalmi. Da aka zo inda zai sauka, sai ya ji ƙafarsa ta ƙi. Ya bi motar har ƙarshen hanya, ya dawo a cikinta, barka kuwa sai washegari.

Tun daga ranar ya ƙudura a ransa cewa babu wata hanya da mota ke bi daga Kasuwar Litinin da ba zai bi ba har ƙarshenta, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya dame shi guda ne, wato sunan da zai ba wannan al'amari. Da safe, yana ɗaura agogonsa, matarsa Yagana ta dube shi.

"Malam, ina zuwa kuma? Ko yawo?"

Malam Ba'ana ya juyo a hankali. Yawo, a iya saninsa, aikin awaki ne da 'yan tasha. Ba a taɓa jin dattijon da ya ci albashin En'e ya fita yawo ba.

"Rangadi za ni," in ji shi.

"To, Allah ya kiyaye hanya. In ka ga talakawanka a kasuwa, su ba ka kuɓewa."

Haka rangadi ya kankama. Ya bi hanyar Gwange, ya bi ta Tashar Jirgi, ya bi ta Bulabulin, ya sake komawa ta Gamboru saboda a karon farko bai shiga da niyya ba, kuma abin da aka yi ba da niyya ba, a wurinsa, ba ya shiga lissafi. Yana da ƙa'idodinsa. Kafin ya shiga mota sai ya zagaya ta, hannuwa a baya, ya ƙwanƙwasa taya da sandarsa, kamar yadda ake duba kofaton doki kafin tafiya. Ya tambayi direba shekarun motar, da sunan wanda ya fara tuƙa ta. In an tambaye shi inda zai sauka, ya ce, "Ƙarshe." In an kai ƙarshe kuwa ba ya sauka. Wanda duk ya matsa da tambaya, amsa ɗaya ce yake samu, cikin muryar ofis: "Rangadi nake yi."

Ba a daɗe ba ya lura mutane sun fara sanin girmansa. Aloysius, mai motar Gamboru, wanda ke da shagon kayan mota a bayan kasuwa, shi ne ya fara buɗe masa ƙofar gaba, ya kakkaɓe kujera da hularsa. In Malam Ba'ana ya miƙa kuɗin mota, sai ya janye hannu kamar an miƙo masa garwashi.

"Haba Baba! Mota taka ce. Ka ga birki? Sabo ne, Baba. Jiya-jiya na sa."

"Madalla," in ji Malam Ba'ana, yana mai jin daɗin cewa tarbiyya ba ta ƙare a duniya ba.

Saura hanya ɗaya, kuma ita ce mafi tsawo, wadda ya ajiye don ya rufe da ita: hanyar Zabarmari, garin shinkafa. Mota ɗaya tak ke bin ta, wata tsohuwar kiya-kiya koriya ta wani mutumin kudancin Borno mai suna Dzarma. Hanyar kuwa ta ratsa baƙar ƙasar fadama ce, wadda in ruwan sama ya sauka a kanta sau biyu, ko jaki sai ya yi shawara kafin ya shiga. Ga shi hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma. Ana kuma cewa Dzarma zai mayar da motar ta ɗaukar itace in damina ta wuce. In ba a hau ta yanzu ba, rangadi ya tashi babu kai, kuma Malam Ba'ana ya riga ya faɗa a gaban dattawan unguwa cewa zai kammala kafin shuka.

Ranar farko ya iso bakin kasuwa, ya hango koriyar mota ana lodi. Yana matsowa sai wata mata daga ciki ta yi magana, motar ta zabura da ƙofa a buɗe, wani mai kaji yana bin ta da gudu. Malam Ba'ana ya ce a ransa direban yana sauri ne. Kashegari ya yi sammako, ya tarar da wurin wayam, sai ɗigon baƙin mai a ƙasa. Ranar da ta biyo baya ya tsaya a bakin hanya ya ɗaga sanda. Dzarma ya dube shi ido cikin ido, ya karya kan mota ya shige wani lungu da ko amalanke ba ta cika bi ba.

Da yammacin ranar aka yi yayyafi, ƙasa ta yi ƙamshi. Malam Ba'ana ya kasa cin tuwo.

"Talakawa sun yi tawaye ne?" in ji Yagana.

Da gari ya waye ya nufi shagon Aloysius, ya zauna a kan benci, ya yi gaisuwa mai tsawo kamar yadda ya kamata, sannan ya tambayi dalilin da zai sa mai mota ya guji mai son shiga mota, abin da ba a taɓa ji ba tun zuwan mota ƙasar Borno.

Aloysius ya sosa ƙeya, ya leƙa waje, ya rage murya.

"Baba, ka yi masa haƙuri. Dzarma yana da iyali. Ƙofarsa da igiya yake ɗaurewa, gaskiya ne. Fitila ɗaya ta mutu. Amma in ka kai sunansa ofis, yaransa za su ci me?"

"Wane ofis?"

"Ofishinku mana. Na sufetocin mota. Duk tasha an sani, Baba. Kai ne kake duba taya, kake tambayar shekarun inji, ba ka sauka ko'ina. Kai da bakinka ka ce rangadi. Wa yake rangadi in ba gwamnati ba?"

"Ni ba sufeto ba ne," in ji Malam Ba'ana. Ya tuna kujerar gaba, ya tuna hular da ake kakkaɓe ta da ita, ya tuna sabon birki.

"To in ba sufeto ba ne kai," in ji Aloysius a hankali, "me kake nema a cikin mota kullum?"

"Ina Dzarma yake lodi yanzu?" in ji Malam Ba'ana.

"Bayan rumfar masu fata. Amma kada ka ce ni na faɗa."

Malam Ba'ana ya zaga ta cikin kasuwa, ta layin masu atamfa, ya ɓullo wa motar ta gaba, inda babu hanyar gudu sai ta kansa. Mota ta cika maƙil, buhunan da aka juye shinkafarsu a ɗaure a sama, tunkiya a tsakanin kujeru. Dzarma na ganinsa ya sauko, ya cire hula, ya durƙusa, yana gaisuwa da Barbarci.

"Wushe, Baba, wushe. Wallahi igiyar nan ta yau ce kawai. Gobe za a sa ƙarfe."

"Tashi, ɗana. Ni ba sufeto ba ne."

"Haka ne, Baba," in ji Dzarma, bai tashi ba. "Wancan na bara ma haka ya ce."

"Zabarmari nake son zuwa."

"Wurin wa, Baba?"

"Ziyara."

"Ziyarar wa? Duk garin na san su. Sai in kai gaisuwarka, ba sai ka wahala ba."

"To, ba ziyara ba. Shan iska."

Wata tsohuwa mai tallan daddawa ta leƙo ta taga. "Iskar Yerwa ta ƙare ne, Malam?"

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin ta masu tsoron hukuma. Can gabas aka yi tsawa mai nisa. Malam Ba'ana ya ɗaga kai ya dubi hadarin, ya dubi motar, ya dubi masu fata da suka bar aikinsu suka kewaye shi. Ya laluba cikin dukan harsuna ukun da ya yi wa En'e aiki da su, bai sami kalmar da za ta fitar da shi ba sai guda. Magabata sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya kamar zai fassara hukunci.

"Jama'a, ku shaida. Babu wanda ya aiko ni. Ba ni da kowa a Zabarmari. Daɗin motar nake ji. Yawo nake yi."

Dzarma ya ɗago kai. "Yawo, Baba? Yawo-yawo?"

"Shi."

Dariyar da ta tashi har masu atamfa sai da suka leƙo. Dzarma ya miƙe, ya mayar da hularsa, ya kakkaɓe gwiwa, kuma nan take muryarsa ta koma ta mai mota.

"To Baba, gaba akwai mutum, ya riga ya biya. Sai baya. Kuma kuɗin mota kafin a tashi. Ke Iya, matsa wa mai yawo!"

Aka cusa Malam Ba'ana tsakanin mai daddawa da tunkiya, aka ba shi ƙarshen igiyar ƙofa ya riƙe, tunda shi ne kusa. Babu wanda ya kakkaɓe masa komai. Amma tagar tana gefensa. Gari ya ƙare, gonaki suka buɗe, fadama ta shimfiɗu baƙa ƙirin har inda ido ya tsaya, balbelu suna tashi gaban mota, manoma suna gyaran kunya suna ɗaga musu hannu. Mai daddawa ta ba shi labarin kowace bishiya da wanda aka taɓa kamawa yana barci a ƙarƙashinta. Sai ya lura tun da ya fara hawa motocin nan, yau ne karon farko da ake hira a gabansa ba a yi tsit ba.

Ana hango rufin Zabarmari ruwa ya sauko. Mota ta yi gunji, ta yi rawa, ta zauna a cikin laka.

"Maza a sauka a tura!" in ji Dzarma. "Har da mai yawo!"

"Ba a taɓa jin tafintan En'e ya tura mota ba," in ji Malam Ba'ana.

"Sufeto ne ba ya turi, Baba. Ka ce kai ba shi ba ne."

Ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, ya ba mai daddawa ajiyar agogo, ya sa kafaɗa. Da haka aka shiga Zabarmari, shi a ƙasa, laka har gwiwa. Da aka tsaya a bakin kasuwar garin, ya koma ciki ya zauna a wurinsa, ya kama igiyarsa.

"Baba, ƙarshe ke nan. Ba ka sauka?"

"Na riga na sauka a hanya, ba da son raina ba. Juya mu koma kafin ta rufe."

Da la'asar sakaliya ya shigo gida, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Yagana ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ɗauko buta.

"Sannu da rangadi."

"Na yi tunani a hanya," in ji shi, yana miƙa ƙafa. "Baturen nan da muke bi a da. Ya hau doki, ya dubi rijiya, ya tambayi shekarun kuka, ya kwana, ya juyo. Me ya taɓa kawowa gida? Ashe shi ma yawo yake yi, sai dai shi da alfarwa da kuku. Saboda haka abin yana da asali."

"To, alhamdu lillahi," in ji Yagana. "Ɗaga ɗayar ƙafar."

Bayan kwana biyu hanyar Zabarmari ta rufe. Da Malam Ba'ana ya koma bakin Kasuwar Litinin don ya sake farawa daga hanyar Gamboru, ya tarar direbobi sun riga sun naɗa shi Bulama, wato mai unguwa. Daga kowace mota ana kira, "Bulaman Yawo! Bulama, nan akwai taga!" Ya tsaya a gaban Aloysius, fuska a ɗaure.

"Wannan sarauta, wa ya riƙe ta kafin ni?"

"Babu kowa, Baba. Kai ne na farko."

Malam Ba'ana ya jinjina maganar. Sarautar da ba ta da magabaci abu ce mai nauyi, domin duk wanda ya zo baya da shi zai yi koyi. Ya miƙa kuɗin motarsa, aka karɓa ba gardama. Sannan ya zagaya motar, hannuwa a baya, ya ƙwanƙwasa taya da sanda, don na baya su san yadda ake yi.