Ƙwan da Aka Ba Ni Amana a Cikin Duro

Jiya bayan azahar na kishingiɗa a zaure, sai wani mafarki ya same ni. Amma bari in fara da abin da ya faru da safe, kada ku ce tsufa ne.

Ni mai kiwon tarwaɗa ne, shekara talatin. 'Yata Uwani, wadda ta yi karatun gona, ta kawo mini wasu ƙwarin ruwa, ƙanana kamar garin tuwo, waɗanda ake kiwo don ciyar da 'ya'yan kifi sabbin ƙyanƙyasa. Ta ce a raba su duro uku, a riƙa zuƙe ƙwansu daga ƙasa da tiyo kullum, in ba haka ba cunkoso zai sa su cinye ƙwan juna. Na ce ni ban taɓa jin inda yawa ya zama ciwo ba. Na juye su duka a duro ɗaya, sauran biyun na ce a kai wa maƙwabci ya tara ruwa. Kifina kuwa jibi za su ƙyanƙyashe, abincinsu kaf yana cikin duron nan.

A mafarkin sai ga ni a cikin duron, da hulata da sandata.

Gari ne sosai. Kowa ido ɗaya gare shi a tsakiyar goshi, da gashin baki biyu dogaye. Ruwan sama daga ƙasa yake tasowa ya wuce sama, mutane na riƙe da lema a ƙarƙashin ƙafafunsu. Ba masaka tsinke. In bayanka na ƙaiƙayi sai ka sosa na gabanka, ka jira susar ta zagayo.

Wata mata ta ɗora mini ƙwai a tafin hannu, ɗan mitsitsi, da ɗuminsa. Ta ce na ɗari biyu ke nan da ta saka a makon nan, ba ta ga ɗa ko ɗaya ba.

"Baba, kai da alama ka ƙoshi. Riƙe mini, ka kai shi ofis a rubuta masa suna."

Sai ga ni a Ofishin Kula da Ƙwai. Darakta yana bayan tebur, yana goge baki da takardar ƙorafi. Ya ce an kafa kwamitin binciken ɓatan ƙwai, har sun zauna sau tara. Na tambaye shi me suka gano. Ya ce sun gano zaman yana da tsawo, dole a riƙa kawo abin taɓawa. Na dubi farantin da ke gabansa, ɓawon ƙwai ne a ciki.

"Ajiye shi nan, Alhaji, za mu duba."

Na ce na fi son in riƙe abina.

Sai gidan suna. An kawo jaririn a faifai, ƙwai ne tukuna. Kawunsa ya karɓa don ya ga wa ya ɗebo a dangi, ya daɗe yana dubawa kusa-kusa. Da ya ɗago, faifan ba komai. Mata suka ce Allah ya raya. Uban yaron ya ce ba laifi, shi ma shekaranjiya ya je sunan gidan kawun.

Nan na yi musu faɗa irin wanda nake yi a gida. Na ce ba kunya, ba tarbiyya, wane irin iri ne ke cinye na bayansa? Wani tsoho, wanda gwiwar hannunsa ke cikin haƙarƙarina, ya ce da can, lokacin da ake iyo a miƙe, ba wanda ya san ɗanɗanon ƙwai. Yanzu ko hamma ka yi, ƙwan wani ne zai faɗa maka a baki.

"To wa ya tara ku haka?"

Ya nuna sama da gashin baki. Sama ta yi duhu, wata ƙatuwar fuska ta leƙo, da furfura, da hula irin tawa. Ta ce, "Ai da sauran wuri," ta juye wani bokitin jama'a. Aka yi tafi, don an sanar cewa duk wanda bai tafa ba maƙiyin ci gaba ne.

Aka ƙara matsewa. Hannuna mai riƙe da ƙwan aka tura shi sama har ya manne da bakina, ba halin saukewa. Na rufe leɓe gam. Sai matar nan ta hango ni, ta tambaya daga nesa ko amanarta tana nan. Ni kuwa ba a yi mini magana in yi shiru, haka aka rene ni. Na buɗe baki in ce tana nan.

Gishiri-gishiri ne, ba laifi. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne na waiga ina neman na biyu.

Sai ƙarar ƙarfe a tsakar gida. Uwani ce ke gangara duron da babu komai, za ta kai wa maƙwabci.

Na tashi na goge bakina. Na ce ta mayar da shi, ta ɗauko ɗayan, ta kawo tiyo.

"Baba, ba kai ka ce..."

"Tun safe nake faɗa a raba ƙwarin nan, ba mai ji a gidan nan."

Ta dube ni, ta miƙo mini tiyon. Da la'asar uwarta ta aiko mini da dafaffen ƙwai biyu, na ce a mayar, na ƙoshi.