Katakon Gadon Baba Labaran

"Inna, rage murya mana, akwai baƙi a ciki," in ji Tidjani, yana waige-waige.

"Baƙin su ji!" Tabawa ta ce. "Katakonmu na zo karɓa, ba roƙo ya kawo ni ba."

Tana tsaye a tsakiyar ofishin ƙungiyarsa a unguwar Cadjèhoun ta Cotonou, da zanenta mai ƙaurin man waina. A bango, cikin gilashi, ga zanen 'yarta Safwana na mata a bakin famfon Zongo. Sauran allunan yaran unguwa ma suna jere, an haska musu fitila sai ka ce amare.

Allunan na Baba Labaran ne, maƙwabcinta, tsohon da ya ƙare ƙuruciyarsa yana zana wa masu aski da teloli allon ƙofar shago. Da hannunsa ya fara rawa, sai ya buɗe zaurensa ga duk yaron da ke son riƙe burushi, kyauta. Katako na da tsada, don haka dokarsa ɗaya ce: ka yi zanenka, a kalla, a yaba ko a yi maka dariya, washegari a shafe da farin fenti, wani ya hau. Wasu allunan sun sha zane har sun yi nauyi.

Sai aka yi babban taron ƙasa da ake kira Konferans, dimokuraɗiyya ta zo, ƙungiyoyi suka tsiro kamar ciyawa bayan ruwan fari. Tidjani, ɗan Zongo da kowa ya san uwarsa, ya dawo da mota da labarin kuɗin Turawa da aka ware don yaran talakawa su koyi zane. Ya kwashe allunan kaf, wai za a nuna wa masu ba da kuɗin, sannan a kawo fenti da sabon katako. Ranar bikin nunin yaran suka yi wanka suka je, mai gadi ya tare su a ƙofa, wai ba su da katin gayyata. Damina ta zo ta wuce, ba tsuntsu ba tarko. Yaran suka watse, wani ya kama zemijan, wato haya da babur, wani dako a kasuwa. Safwana kaɗai ta rage tana share zauren da ba a komai a cikinsa, tsohon kuma ya kwanta ciwo.

"Inna, ki gane," Tidjani ya ce. "Waɗannan yanzu kayan tarihi ne. In na ba ku, shafewa za ku yi. Wata mai zuwa Turai za su je."

"To ina sabon katakon?"

"Proje, aikin tallafi irin wannan, yana da matakai. Mun gama taron seminer biyu, saura..."

"Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi! Zanen 'yata zai hau jirgi, ita kuwa ba ta isa ta ƙetare ƙofarka ba? Mutumin nan yana can rai a hannun Allah, kullum tambayarsa ɗaya. Ba ni ko guda biyu, Tidjani. In ba ka ji kunyata ba, ka ji tsoron Allah."

Ya sa hannu a aljihu, wai ga na zemijan. Ta dubi hannun, ta dube shi, ta yi tsaki ta fita. Da ƙafa ta yi rabin hanya, don haushin da ke cinta ba zai zauna a bayan babur ba.

Ta tarar da tsohon a kan gadonsa, Safwana na yi masa fifita. Ya dubi hannuwanta, bai ma jira ta buɗe baki ba.

"Ba su ba ki ba."

"Baba, Allah ya isa! Wallahi da ni namiji ce da na fasa gilashin nan."

"Da kin yanke a banza." Ya yi tari mai tsawo. "Safwana, ɗauko hama a ƙarƙashin benci. Tabawa, kama ni, ki sauke ni kan tabarma."

"Me za a yi?"

"Gadon nan katakonsa mai kyau ne, ni na zaɓe shi da kaina. Ku cire."

Tabawa ta ce sam, ba da ita za a kwantar da mara lafiya a kan siminti ba. Ya ce mata ƙasar ai can ya dosa, gara su saba tun yanzu. Ta so ta yi masa faɗa, kuka ya ci ƙarfinta. Ta ɗaga shi, ba shi da nauyin kirki. Yana kwance yana kallo Safwana ta zare ƙusoshin, yana faɗa mata inda za ta goge da inda za ta cike rami. Ya ce ta kira sauran yaran, ta ce musu zaure ya buɗe.

Kwanaki kaɗan ya yi a tabarmar. Wata Laraba da hantsi, Tabawa na juya waina a ƙofar gida, Safwana ta fito daga zauren ta ce Baba ya cika. Tabawa ta sauke tanda.

Mazan unguwa suka yi masa wanka da sutura. Ƙasar Cotonou yashi ce, kabari ba ya tsayuwa sai an jera katako a kan mamaci kafin a tura ƙasa. Mounkaïla, wanda ke jagorantar jana'izar unguwa, ya leƙa zaure ya ga allunan gadon jingine da bango.

"Alhamdu lillahi, ga katako a shirye. Ku ɗauka."

Tabawa ta sha gabansa ta tokare ƙofa.

"Malam Mounkaïla, ba wannan ba."

"Haba Tabawa, kayansa ne fa, gawa kuma ba ta jira. Masu katako sun yi nisa, azahar ta kusa."

"Mutum ya kwana a ƙasa da ciwo don katakon nan ya rage wa yara, ku kuma ku tura shi rami? Wancan ya kwashe na farko, ku za ku binne na ƙarshe? Ko guda ba zai fita ba, sai dai ku bi ta kaina!"

"To da me za mu rufe shi?"

Duk idanu suna kanta, makara kuma tana ajiye a tsakar gida. Ta juya ta nufi ƙofar gidanta, ta sauke robar ƙullu da tukunyar miya daga teburin sana'arta, wanda ta yi shekaru tana ci da 'ya'yanta a kansa. Ta kife shi da kanta.

"Ga shi. Ku ɓalle ƙafafun."

Ba wanda ya yi mata musu. Aka ɓalle ƙafafun teburin, aka ɗauki gawar, ita tana tsaye a bakin zaure har muryoyin suka ɓace a kwanar masallaci.

Tidjani bai zo ba. Bayan sadakar uku ya aiko direba da kambun furannin roba, irin wanda ake ɗora wa akwatin gawa, da sunan ƙungiyarsa a jiki ɓaro-ɓaro. Tabawa ta ce wa direban ya mayar, ya ce masa a Zongo ba a binne mutum da fure, in yana da katako ya aiko. Har yau haushin bai bar ta ba, kuma ba ta nemi ya bar ta ba.

Washegari ta fito da tanda kamar kullum. Ta shimfiɗa buhu a ƙasa, ta jera kwanonin a kai, masu saye suna durƙusawa su karɓa. Wani zemijan ya tsaya, matuƙin, ɗaya daga cikin yaran Baba, ya cire rigar aikinsa ya rataya a madubi, ya shige zaure ba tare da ya sayi komai ba. Daga ciki tana jin burushi na tafiya a kan katako, sama da ƙasa, warin farin fenti yana fitowa yana haɗuwa da hayaƙin waina.