Tsagar da Baba Ya Liƙe

Hayaƙin dalma bai gama washewa daga rumfar ba sa'ad da Mai Faci ya ɗaga ɗan allon sama, ya karkata shi ga hasken hantsi. Sumul. Ko allura ba za ta sami mashiga ba. Ya yi murmushi shi kaɗai, irin na wanda ya yi abin kirki ba a roƙe shi ba.

Da safe ya tsinci abin a bakin tagar ɗakin 'yarsa: allo kamar tafin hannu, an shafe shi da jan ƙarfe, amma duk ya tsattsage. Doguwar tsaga a tsakiya, wasu ƙanana sun lanƙwasa a gefe. Ya san aikin makaranta ne, wanda yarinyar nan ta rame a kansa har wuyanta ya fito. Ya ce a ransa faɗuwa ya yi ya fashe, nauyin baki ya hana ta faɗa. To ina amfanin uban da ya tsufa yana toshe ɓular tukwanen mutane, in na ɗiyarsa ya gagare shi?

Sai ga ta ta shigo da sauri. Injiniya 'yan layi ke ce mata, tun tana ƙarama tana kwance masa rediyo.

"Baba, ka ga eriyata? A taga na bar ta."

"Zo ki ga aikin manya," in ji shi, ya miƙa mata. "Ku da boko, mu da hannu."

Ta karɓa. Ta juya shi, ta sake juyawa. Ba ta yi kuka ba. Durƙushewa ta yi cikin tarkacen murafai da hannuwan tukwane.

"Baba, tsagar ita ce eriyar."

* * *

A hankali ta yi masa bayani, da muryar mai ba da labarin mutuwa. Ta tsagar nan saƙon waya ke shiga yana fita. Wata eriyar ƙofarta matsattsiya ce, zango ɗaya take kamawa. Tata kuwa ta yi ta lissafi tana lanƙwasa tsagar har ƙofar ta yi faɗi, ta kama na kira, ta kama na intanet. Amma in faɗin ita tsagar ya ƙaru da kaurin gashi, aikin ya tashi a banza.

"Sai a yi wani mana," in ji Mai Faci. "Ni zan yanka miki."

"Ba yankawa ake ba. Ruwan magani ke cinye wurin, a ɗakin gwaji na makaranta. Mabuɗin yana hannun Dakta, mai duba aikina."

"To ki roƙe shi. Ai mutum ne."

Ta kau da kai. Uwarta da ke tsaye a bakin ƙofa, hannu duk kumfar wanki, ta ce, "Ki faɗa masa, ko ni in faɗa."

"Inna, don Allah."

"Kai kana zaton daƙiƙanci ne ya sa 'yan ajinta suka gama suka bar ta? Mutumin nan cewa ya yi ba zai sa hannu a aikinta ba sai ta same shi a ɗakin otal. Wannan allon ma ranar da ya yi tafiya ta samu ta yi shi. Gobe baƙon malami zai zo daga wata jami'a. In eriya ta yi aiki a gaban idonsa, Dakta ba shi da ta cewa. Shi kaɗai ne ramin da ya rage mata, ka zo ka liƙe."

Mai Faci ya zauna daɓas a kan buhu. Dakta. Mutumin da ya taɓa gaisarwa a ƙofar makaranta har da rusunawa, ya ce masa, "Ga amana nan, ranka ya daɗe."

"Zan je wurin manyansa."

"Wata ta riga ka, Baba," in ji Injiniya. "Aka ce ta kawo shaida. Yanzu ƙanƙara take sayarwa a ƙofar gidansu. Shi kuwa an ƙara masa girma."

* * *

Ya hura gawayi, ya sa ƙarfen liƙi a wuta. Abin da hannu ya ɗaura, ai hannu ke kwancewa. Ya narkar da dalmar, ya goge da tsumma, ya bi gefen tsagar da bakin reza yana riƙe numfashi. Amma wannan ba gindin tukunya ba ne. Jan ƙarfen bai kai ɓawon albasa kauri ba. Zafi na taɓa shi ya kumbura, ya ɗago, ya nannaɗe kamar busasshen ganye. Doguwar tsagar ta wage baki.

Masu tukwane suka zo suka yi sallama suka gaji. Bai ɗaga kai ba.

Rana ta karkata lokacin da ya jiyo muryarta ta bayan labule, ƙasa-ƙasa, tana waya.

"Allon ne ya lalace, ranka ya daɗe. Mabuɗin kawai nake roƙo." Ta saurara. "A'a, ba otal ba, ofis dai... To, na ji."

Daga nan sai ƙarar buɗe akwati, sai sheshsheƙar uwarta.

Takalmanta na nan a bakin ƙofa, baƙaƙe, waɗanda shi ya ɗinke wa maɗauri da zaren buhu. Ya miƙa hannu ya jawo su, ya tura ƙarƙashin buhun da yake zaune a kai, ya gyara zama.

Ta fito da mayafi a kafaɗa, idanu a bushe. Ta duba bakin ƙofa, ta duba bayan randa.

"Baba, ka ga takalmina?"

"Ban gani ba."

Ta dube shi, ta dubi buhun. Ba ta sake tambaya ba, ba ta kuma koma ciki ba. Ta tsaya nan ƙafa ba takalmi a kan ƙasa mai zafi, wayar ta fara ruri a hannunta da kiran Dakta. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da kankare allon da babu sauran abin kankarewa a jikinsa.