Yajin Yaya Tasalla

Shekaranjiya bayan azahar na ɗan kishingiɗa, sai barci ya ɗauke ni ya kai ni cikin wani mafarki. Amma bari in fara gaya muku mafarinsa. Autana Sagir, da tumbinsa da furfurarsa, ya kawo wani ƙarfe ya ajiye a falo. Sai ya zauna a kai yana ja yana saki, wai tuƙin kwale-kwale yake yi. Ba ruwa, ba kifi. Akwai kuma wata manhaja a wayarsa da take ƙirga masa kowane tuƙi, ta gaya masa ranar yi da ranar hutu. Ni da na tashi a Yawuri da filafilin tuƙi a hannu, kallonsa kawai na yi.

To, a mafarkin ina tsaye bakin kogi. Kogin a shimfiɗe yake kamar tabarma, an ma naɗe gefe ɗaya ana shara a ƙarƙashi. A hayi kuwa ga Yaya Tasalla zaune. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta, Allah ya jiƙanta, kuma ta tafi ba ta gaya wa kowa abin da take sawa a yajinta ba. Na daka ya fi sau hamsin. Kullum 'ya'yana su lasa su ce, "Da daɗi, Iya, amma ba na Inna Tasalla ba ne."

Ta ɗaga murya ta ce, "Azumi, in kina son sirrin ki ƙetaro. Da an kira la'asar zan tashi."

Wurin da aka ɗaure jirage akwai tebur, bayansa wata dorina da tabarau tana cika takardu.

"Suna?"

"Azumi."

"Nauyi?"

"Yarinya, ba a yi wa babba wannan tambayar."

Ta rubuta hakan. Sannan ta rataya mini waya a wuya kamar laya, ta ce, "Tuƙi ɗari biyar ne zuwa hayi, ba tsayawa. A ƙasar nan, abin da waya ba ta ƙirga ba bai faru ba."

Na shiga jirgi na kama tuƙi irin na da. Kafin ka ce me na kai tsakiya, har ina hango zanen Yaya mai ruwan goro. Sai kogin ya yi tari, ya tura ni baya, na tsinci kaina gaban dorina.

Wayar ta ce, da muryar ma'aikaciyar asibiti, "Ba ki danna Fara ba."

"Amma na yi gumi."

"Ba a ga gumin ba."

Na taɓa goshina, a bushe. Na danna, na sake kamawa.

Ina tuƙi na tamanin sai ga wani dattijon tarwaɗa a nasa jirgin, da gemu, riƙe da lema don kada ruwa ya taɓa shi. Ku gaya mini, ta yaya zan wuce dattijo? Na ajiye filafili na ce, "Baba, ina wuni?"

"An tsaya," in ji waya. "An koma sifili."

Ga ni gaban dorina. Sau uku ana haka, don duk dawowar da na yi yana nan, kuma ba a cewa an riga an gaisa ɗazu.

Na ce wa wayar, "Ke ba ki da iyaye ne?"

"Ba ni da su. Ina da caji kashi arba'in."

Daga hayi Yaya ta ce, "Tun kina yarinya haka kike. A aike ki ɗebo wuta, ki dawo da labarin gari."

Na duba sama. Wani mutum a kan tsani yana sassauta igiyar rana, tana saukowa kaɗan-kaɗan. Kusa da shi ladan yana gyaran murya.

A karo na huɗu na ce wa tarwaɗan, "Baba, don Allah jero da ni mu gaisa a tafe." Ya naɗe gemunsa ya jero. Na ce ina wuni, na tuƙa. Ya ce lafiya lau, na tuƙa. Ina gajiya, tuƙi. Ba gajiya, tuƙi. Ya iyali, ya jikoki, ya sanyin ruwa, ya aka ji da masunta masu jefa koma. Da na ƙare na gidansa na shiga na maƙwabta, na tambayi kwaɗi ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya yi ƙaura.

Wayar ta fara murna. "Tuƙi talatin a minti. Kin fi Sagir."

"Wannan ba abin yabo ba ne," na ce, ban tsaya ba.

Saura kamu uku in taɓa gaci, ina ganin har tsagar fuskar Yaya, sai jirgin ya kafe kamar an dasa shi. Filafilin ya zama ludayi a hannuna.

"Ɗari biyar," in ji waya. "Atisayen yau ya cika. Gobe hutu. Jibi miƙa jiki."

"Ƙara mini uku."

"Ba ya cikin tsarin makonki."

Na tattare zane zan dira in ƙarasa da ƙafa. Yaya ta ɗaga hannu.

"Mayar da ƙafarki. Nan ba a zuwa sai an kira mutum, ke kuma ba a kira ki ba tukuna." Ta ƙare mini kallo. "Kin rame. Kuma har yau ba ki iya ɗaurin kallabi ba."

Idona ya cika, na ce, "Yaya, to faɗa mini daga nan. Me kike sawa?"

Ta waiga hagu da dama, ta kare baki da hannu, ta ce, "Ki..."

A daidai nan wayar ta ɓarke da guɗa da kalangu, wai tana taya ni murna na kafa tarihi, ko ina so a sanar da abokaina? Ina ganin bakin Yaya yana motsi, har tana ƙirga wani abu da yatsu. Na danne wayar da tafin hannu, guɗar ta fito ta gwiwar hannuna. Ladan ya sa yatsa a kunne. Yaya ta miƙe tana kakkaɓe zane.

Sai na ji kwam, kwam, kwam. Na buɗe ido, ashe maƙwabcinmu ne yake buga kwanon rufin shagonsa.

Tun ranar nake juya wannan "ki" ɗin. In kimba take nufi, ai ina sawa tun tuni. Ni dai na san Yaya Tasalla. Ina jin cewa za ta yi, "Ki je ki yi ta gwadawa."