Ka Sa Musu Hannu

Shekara ashirin da uku Malam Jibrin ya yi yana tuƙa iyalin wani Balarabe a unguwar Al-Naseem, kuma in ka tambaye shi abin da ya koya a Riyadh ba zai ce maka hanyoyi ba. Cewa zai yi ya koyi zama da hukuma. Ba a ɗaga mata murya, ba a tambayarta dalili, in ta miƙo takarda ka dangwala ka yi godiya. Da wannan karatu ya tsallake samame ya fi a ƙirga bai taɓa kwana a hannu ba, da shi kuma yake yi wa sababbin zuwa wa'azi, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

To, wata Litinin bayan la'asar yana goge mota a ƙofar gidan kafilinsa, wato Balaraben da zamansa a ƙasar ke hannunsa, sai waya ta shigo da wata doguwar lamba. Ɗansa na fari ne, Sadiƙ, wanda ya tafi Amurka karatu shekara bakwai da suka wuce, ya yi aure a can Ohio, har matarsa Ikilima ta haifa masa 'ya mace wata huɗu ke nan. Malam Jibrin bai taɓa kiran sunan ɗan nan ba saboda alkunya. Yaron nan yake cewa, ko a bayan idonsa.

"Baba, ina hannun jami'an shige da fice," in ji Sadiƙ. "Takardar zamana ta ƙare, sabuwar tana hanya, suka ɗauke ni a wurin aiki. Minti biyar aka ba ni."

Tsumman da ke hannun Malam Jibrin ya faɗi. Ya jingina da motar, zafin ƙarfenta ma bai ji ba.

"Sun doke ka?"

"A'a. Wata takarda suka kawo. Sun ce in na sa hannu za a gama da ni da wuri. In na ƙi, sai na jira alƙali, ba su san ko wata nawa ba."

Nan take Dawuda ya faɗo masa a rai, abokinsa mai ɗinki a unguwar Al-Oud, wanda ya taɓa yin taurin kai a gidan tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar gida. Ya ƙi dangwala yatsa, wai shi iƙamarsa, wato takardar zamansa, tana da rai, sai an bincika. Waɗanda suka dangwala suka fita cikin mako biyu, shi kuwa ya share wata bakwai a ciki, ya fito da tarin da har yau bai rabu da shi ba.

"Ka sa musu hannu," in ji Malam Jibrin.

"Baba, Ikilima ta ce..."

"Ikilima ce ta haife ka? Na girme ka a zaman ƙasar mutane. Baƙo ba ya ja da hukuma. Ka sa musu hannu, ka ba su haƙuri, ka fito."

Sadiƙ ya ce, "To, Baba." Layin ya yanke.

Bai kai ga ɗauke bokitin ba Ikilima ta kira. Iyayenta mutanen Maraɗi ne, amma ita a can aka haife ta, Hausarta tana tafe tana tuntuɓe da Turanci. Surukai ne, gaisuwa kawai ke haɗa su a da, ita ma a gurguje. Ranar nan kuwa yarinyar ta ajiye kunya gefe, muryarta a dushe, jaririya na tsala kuka a bayanta.

"Baba, na samu lauya. Ta ce yana da dama sosai, tunda aurenmu na gaskiya ne kuma takardarsa tana hanya. Abu ɗaya ne, kada ya sa hannu a komai."

Malam Jibrin ya ce, "Don me?"

"Takardar nan cewa take ya yafe ganin alƙali, ya yarda a fitar da shi. In ya sa, sai jirgi. Kuma shekaru zai yi ba a bar shi ya dawo ba."

"Amma shi ai baƙo ne. Wane alƙali zai saurari baƙo a kan gwamnati?"

"Baba, kundin tsarin mulkinmu bai ce ɗan ƙasa ba a wannan wurin, mutum ya ce. Ba a raba mutum da 'yancinsa sai an bi ƙa'ida an saurare shi. Mulkin nan kashi uku ne, masu yin doka daban, masu zartarwa daban, kotu daban, kowa yana iya taka wa ɗan uwansa burki. In alƙalin farko ya ƙi, akwai na sama, wanda ko shugaban ƙasa ba zai iya korarsa don ya yanke abin da bai yi masa daɗi ba."

Shi dai Malam Jibrin bai taɓa jin irin wannan gida ba, inda maigida zai ce a yi, wani a cikin gidan ya ce ba za a yi ba, kuma a kwana lafiya. Da a majalisar direbobi aka kawo masa zancen da dariya zai yi, ya ce tatsuniyar 'yan boko ce. Yanzu kuwa addu'a yake ta zama gaskiya, kuma in gaskiya ce, to shi ne ya tura ɗansa rami da bakinsa.

"Ya kira ka, Baba?"

"Ya kira."

"Me ka ce masa?"

Dattijo da furfura, ya buɗe baki ya ce wa surukarsa shi ya ɓata? Bakin ya ƙi. "Na ce ya yi haƙuri," in ji shi.

Tana ajiyewa ya danna doguwar lambar nan. Wata Baturiya ta na'ura ta yi masa bayanin da bai fahimci ko kalma ɗaya ba. Ya sake, ya sake, har batirin ya yi ja. Ashe wayar wurin tana fita ne kawai, ba ta shiga. Ya shiga wurin kafilinsa ya durƙusa, abin da bai taɓa yi ba, ya tambaye shi ko ya san wani babba a ofishin jakadancin Amurka da zai sa baki. Mutumin ya tausaya masa, ya dafa kafaɗarsa, ya ce in sha Allah bukra. Malam Jibrin ya san irin wannan goben, shekara ashirin da uku yana jin ta.

Bayan magariba ya tuƙa zuwa Al-Oud, ya sami Dawuda a kan keken ɗinki. Dawuda ya saurare shi yana tari, sannan ya ce a nemi mai rubuta takardar koke, a kai ƙofar ofishin jakadanci, a roƙi shugabansu ya yi afuwa.

"An ce ba a hannunsa abin yake ba," in ji Malam Jibrin. "Wai hannun alƙali."

"To a nemo wanda ya san alƙalin mana."

"Wai ba a yin haka."

Dawuda ya tsayar da keken. "Kai, wace irin ƙasa ce wannan, ba mai ƙafa, ba mai alfarma? To yaya talaka yake yi?"

"Wai ƙin sa hannu yake yi, ya jira."

Suka dubi juna. Dawuda, wanda ya taɓa ƙin, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗinkinsa.

Mafita ɗaya ce, kuma ya san ta: ya gaya wa Ikilima, ta tura lauya ta je ta hana. Sau uku yana ɗaukar saƙon murya yana gogewa. Kunya ce, ba wani abu ba, kunyar banza, kuma ya san ta banza ce. Sai da gari ya waye, bayan ya sauke yaran gidan a makaranta, ya tsaya a gefen titi ya faɗi komai cikin wayar, ya tura. Saƙon ya tafi, ba a buɗe ba. Can ƙasar kowa barci yake.

Da la'asar aka aike shi Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid ya ɗauko ƙanwar uwargida, matar kafilinsa. Yana tsaye cikin direbobi a ƙofar fitowa, wayar a tafin hannunsa, sai saƙon muryar Ikilima ya shigo. Daga jin yadda take magana ya gane ba ta saurari nasa ba tukuna.

"Baba, albishirinka. An sa rana, ranar Alhamis alƙali zai saurare shi. Lauya za ta je wurinsa yau. Ka ci gaba da addu'a."

Bai gama saurare ba doguwar lambar ta shigo. Ya ɗauka da hannu biyu.

"Sadiƙ! Kada ka sa hannu. Ka ji ni? Na janye maganata. Sadiƙ, kada ka sa."

Direbobin da ke kusa suka waiwayo. 

"Baba," in ji Sadiƙ a hankali, "yau ka kira sunana."

"Ka ji abin da na ce?"

"Na ji. Na sa tun jiya, ina ajiye wayarka. Na daɗe da biron a hannu, Baba, maganar Ikilima tana mini yawo a ka. Amma ban taɓa tsallake maganarka ba. Sun ce ranar Laraba jirgi zai tashi."

Malam Jibrin ya fara lissafi. Ko tarbarsa a Abuja ba zai iya ba, sai kafili ya yarda ya buga masa izinin fita. Jikar da bai taɓa ɗauka ba, za ta fara tafiya, ta fara magana, ubanta yana wata nahiyar.

"Don Allah kai ka gaya mata," in ji Sadiƙ. "Ni na kasa."

Layin ya yanke. Ƙofar gilashi ta buɗe, ƙanwar uwargida ta fito tana ɗaga masa hannu ya zo ya karɓi kaya. Bai motsa ba. A fuskar wayar, alamar saƙonsa na safe ta koma shuɗiya, sai kuma wayar ta fara ƙara da sunan Ikilima.