Lambar Jinin Baba

Kwana uku Baba yana ɗakin masu jin jiki sosai, da bututu a bakinsa, na'ura tana yi masa numfashi. Mutum ɗaya ake bari ya shiga, minti goma. Sauranmu muna kan benci a baranda.

Duk bayan awa shida nas takan ɗebi jininsa a wuyan hannu, in an auna ta rubuta lamba a takardar da ke ƙarshen gadon. Umma ba ta karatu, ni ma a aji huɗu na tsaya, amma lamba dai mun sani. Ranar farko huɗu. Washegari shida.

"Kin gani? Yana ƙaruwa," in ji Umma. "Da ma babanku bai iya zama na baya ba."

Rana ta uku da hantsi ni ce a ciki, nas ta rubuta tara. Ta dube ni.

"'Yammata, wannan ba makin jarrabawa ba ne. In jiki ya kasa samun iska, abin da muke aunawa sai ya taru a jini. Sauka muke so ya yi. Wanda ya kai nan da wuya ya ga gobe. Ki gaya wa mamanki kada ta yi nisa."

Na fito na tarar da Yaya, babban wana, yana danna waya. Na gaya masa a hankali.

"Tun jiya likita ya faɗa min," ya ce. "Ki ja bakinki. Kwana biyu Umma tana min kuka a gaban mutane, yau da ta yi shiru za ki tayar min da ita?"

Umma ta taso. "Nawa?"

"Tara," in ji Yaya. "Saura ɗaya ya cike goma. Ki je gida ki huta, ki wanke masa kayan sallama."

Ta yi dariya, ta daki kafaɗata. "Ke kuma kullum fuska kamar hadari."

Na buɗe baki. Yaya ya kalle ni. Sai na gyara mata mayafi, ta tafi.

Baba ya cika bayan azahar. Umma ta dawo da farar rigarsa a leda, a goge. Nas ta tare ta a ƙofa.

"Mama, ai na aika a ce miki kada ki tafi."

"Wa kika aika?"

Yaya ya nuna ni da wayarsa.

Umma ta miƙo min ledar, ba ta dube ni ba. Har yau, in na shiga ɗakinta, takan yi shiru har sai na fita.